Takalmin Damina: Abin da Hoton Waya Ba Ya Nunawa

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, ɗalibin da ke takowa daga Tudun Wada zuwa harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello yakan san darajar busasshiyar safa. A lokacin ne tallan but ɗin fata ke cika Instagram da Jiji, kowane mai talla na rantsuwa nasa ba ya shan ruwa.

Sai dai hoto ba ya nuna inda ruwa ke shiga. Galibi ta ɗinki yake bi, ko ta gefen harshen takalmin. Don haka gara mai ƙaramin ƙarfi ya leƙa wurin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ya haska cikin takalmin da fitilar wayarsa. Ya tabbatar harshen a haɗe yake da gefe biyu, ƙasan kuma bai fara ɓanɓarewa ba. Sannan ya ɗiga ruwa: in ya dunƙule ya gangare, madalla; in fatar ta yi duhu, tana sha.

Ko tambarin Gore-Tex kada ya ruɗe shi, domin shimfiɗar cikin tana hujewa idan takalmi ya tsufa.

In an saya, a riƙa shafa kaki, a shanya a inuwa. Rana tana tsaga fata, kuɗin mutum ya tafi a banza.