Haɗa Tashar Auna Yanayi ta Gida da Intanet

A garin Gombe, damina takan zo da alheri, takan kuma zo da fargaba. Garin yana kan ƙasa mai gangara da rairayi, saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya taru ya bi kwari da gudu, yana cin gefen ƙasa. Mazauna unguwar Bagadaza da maƙwabtansu sun san wannan, domin zaizayar ƙasa ta daɗe tana barazana ga gidaje da hanyoyi a sassan garin. Washegarin irin wannan ruwa, za ku ji mutane suna cewa, "Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya." Amma idan kun tambaya nawa ne ya sauka, da wuya ku sami mai ba ku amsa da lamba.

Auna yanayi a Nijeriya aikin Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ne, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar shekarar 2003. Hukumar tana da tashoshi a filayen jiragen sama da manyan garuruwa, kuma kowace shekara takan fitar da hasashen damina. Sai dai ruwan ƙasarmu ba ya sauka daidai a ko'ina. Ana iya tafka ruwa a Bagadaza, a Pantami kuwa a sami yayyafi kawai. Ma'auni a Lawanti, inda filin jirgin saman Gombe yake, ba zai faɗi abin da ya sauka a kowace unguwa ta cikin gari ba. A nan ne ƙaramar tasha ta gida ko ta makaranta take da amfani. A wannan darasi za mu ga yadda ake kafa ta, da yadda ake haɗa ta da intanet domin kowa ya amfana da abin da ta auna.

Sassan tasha

Tashar gida tana da sassa biyu. Sashe na farko yana waje, a kan dogon ƙarfe, kuma yana ɗauke da ma'aunai iri-iri. Akwai ma'aunin zafi, da ma'aunin laima, wato danshin da ke cikin iska. Akwai kofuna uku masu juyawa, waɗanda suke auna gudun iska, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito. Sannan akwai ma'aunin ruwan sama.

Ma'aunin ruwan yana da sauƙin fahimta. Ruwa yana shiga ta mazurari, ya ɗiga cikin wani ɗan cokali. Idan cokalin ya cika, sai ya kife, ya zubar da ruwan, na'ura kuma ta ƙidaya ɗaya. A wasu ma'aunai, kowace kifewa tana daidai da milimita 0.2 na ruwa. Milimita 1 na ruwan sama yana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Ga misali: idan rufin ɗaki yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, aka kuma yi ruwan milimita 50, to lita 5,000 ta sauka a kansa, wato jarka 200 mai cin lita 25. Ku duba yawan rufin kwano da ke unguwa guda, za ku gane dalilin da kwari yake cika cikin ɗan lokaci.

Sashe na biyu yana cikin ɗaki. Shi ne na'urar haɗi, ƙaramar aba wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ita ce take karɓar saƙo daga ma'aunan waje, ta miƙa shi ga intanet. A yawancin tashoshi, ma'aunin nauyin iska yana cikinta.

Yadda saƙo yake tafiya

Ma'aunan waje suna aiki da batir da ɗan farantin hasken rana. Bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, sukan aika lambobin da suka auna ta zangon rediyo. Zangunan da aka fi amfani da su uku ne: megahaz 433, da 868, da 915. Dole ne zangon na'urar haɗi ya yi daidai da na ma'aunan waje, in ba haka ba, ba za su ji juna ba. Saboda haka a duba lambar da ke jikin kwali kafin a saya.

Idan na'urar haɗi ta karɓi saƙon, sai ta aika shi ta Wi-Fi zuwa rauta, rauta kuma ta tura shi zuwa wani shafi a intanet, inda ake adana shi. Ɗaya daga cikin sanannun shafukan shi ne Weather Underground, wanda yake nuna dubban tashoshin gida a kan taswirar duniya.

Na'urar haɗi 'yar aike ce kawai. Abin da aka ba ta shi take kaiwa. Idan ma'auni ya auna daidai, za ta kai gaskiya. Idan ya auna ba daidai ba, za ta yaɗa kuskuren ga duk wanda ya buɗe shafin. Don haka aikin yakan fara ne daga zaɓen wuri, kafin a taɓa waya.

Zaɓen wuri

Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950, mai hedikwata a birnin Geneva, ta shimfiɗa ƙa'idojin kafa ma'aunai. Ma'aunin zafi ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, a cikin rumfarsa mai barin iska ta ratsa. Gudun iska kuwa a tsayin mita 10 ake auna shi. Ma'aunin ruwa ya yi nesa da bango ko itace, aƙalla ninki biyu na tsayin abin, in da hali ninki huɗu. Idan darbejiyar da ke tsakar gida ta kai mita 6, to ma'aunin ya ba ta tazarar mita 12 ko fiye.

A unguwa mai cunkoson gidaje, ba kullum ake samun irin wannan fili ba, kuma tashar gida takan haɗa dukkan ma'aunan a kan ƙarfe ɗaya. Sai a zaɓi wurin da ya fi kusa da ƙa'ida. A guji ɗora tasha dab da rufin kwano, domin zafin kwano a watan Maris da Afrilu zai sa ma'auni ya nuna abin da ya wuce zafin iska na gaskiya. A guji kusa da madafa da janareto. Filin makaranta yakan fi tsakar gida dacewa. Haka kuma kada nisan da ke tsakanin ma'aunan da na'urar haɗi ya yi yawa. A fili, saƙon yakan kai kimanin mita 100, amma bango da kwano suna rage shi.

Matakan haɗawa

1. A ajiye na'urar haɗi da ma'aunan waje a kan tebur ɗaya. A fara ba na'urar haɗi wuta, sannan a saka wa ma'aunan batir. A jira har fitilar na'urar ta nuna cewa ta karɓi saƙo. Wannan gwaji ya fi sauƙi a ƙasa fiye da a kan tsani.

2. A sauke manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar a wayar hannu. A wannan mataki, na'urar haɗi takan buɗe tata ƙaramar hanyar Wi-Fi. A haɗa wayar da ita.

3. A cikin manhajar, a zaɓi sunan rautar gida ko ta makaranta, a rubuta kalmar sirrinta. Yawancin waɗannan na'urori suna aiki ne da Wi-Fi mai zangon gigahaz 2.4 kaɗai. Idan haɗin ya ƙi, a fara duba wannan.

4. A buɗe asusu a shafin da za a riƙa aika bayanai, a yi wa tashar rajista. Za a nemi wurin da take a kan taswira da tsayinsa daga matakin teku. Birnin Gombe yana kusa da digiri 10 arewa da digiri 11 gabas, amma wayar hannu za ta ba da cikakkiyar lamba. Shafin zai ba da lambar tasha da mabuɗi. A kwafe su cikin manhajar ba tare da kuskuren ko da harafi ɗaya ba.

5. A daidaita lokaci. Agogon Nijeriya yana gaban na Greenwich da awa 1. A zaɓi milimita don ruwa, da digirin Salshiyas don zafi.

6. A daidaita nauyin iska. Iska tana rage nauyi yayin da ake hawa sama, kuma Gombe tana kan tudu, ɗaruruwan mitoci sama da teku. Matsakaicin nauyin iska a bakin teku hektofaskal 1013 ne, amma ma'auni a Gombe zai nuna ƙasa da haka. Manhajar takan gyara lambar idan an ba ta tsayin wurin, domin a iya kwatanta ta da ta sauran tashoshi.

7. A ɗora ma'aunan a kan ƙarfe, a ɗaure su sosai. Alamar arewa da ke jikinsu ta fuskanci arewa. Kamfas ɗin waya zai taimaka. A tabbata ɗan kumfan da ke jikin tashar ya tsaya a tsakiya, domin idan ma'aunin ruwa ya karkace, ƙidayarsa za ta lalace. Kada a hau tsani idan hadari ya haɗu, saboda tsawa.

8. A goge ruwan ƙarya da cokalin ya ƙidaya lokacin da ake jijjiga shi, sannan a buɗe shafin a ga ko lambobi sun fara shiga.

Kula da tasha

Abu na farko da yakan tsayar da aikin shi ne ɗaukewar wuta. Na'urar haɗi tana cin wuta kaɗan, bolt 5 irin na cajin waya, saboda haka ƙaramin batirin ajiya ko na hasken rana zai riƙe ta tare da rauta. Wannan yana da muhimmanci, domin sau da yawa wuta takan ɗauke ne a daidai lokacin hadari, lokacin da aka fi bukatar bayanan. Abu na biyu shi ne ƙarewar data. Lambobin da tasha take aikawa ba su da nauyi, amma a sa wani ya riƙa tuna ranar sabuntawa.

Abu na uku ƙura ce. Da hunturu, iskar arewa maso gabas takan rufe farantin hasken rana, ta toshe mazurari. Ganye da kashin tsuntsu da saƙar gizo-gizo su ma suna toshe shi. A wanke shi kafin ruwan farko, a kuma riƙa duba shi duk mako da damina. Yana da kyau a ajiye ma'aunin ruwa na hannu a gefe, a riƙa kwatanta su.

Amfanin bayanan

Tashar gida tana faɗin abin da ya faru ne. Hasashen gobe aikin NiMet ne, kuma gargaɗinta ya kamata a bi. Duk da haka, lambobin tashar suna da amfani. Masana aikin gona a yankin Sahel sukan ɗauka cewa damina ta kankama idan aka sami ruwan milimita 20 cikin kwana 3, kuma fari na fiye da kwana 7 bai biyo baya ba a cikin wata guda. Manomi mai ganin lambar zai yi tunani kafin ya zuba irinsa na gero ko masara bayan yayyafi ɗaya. Injiniya mai gina magudana yana bukatar sanin yawan ruwan da yakan sauka cikin awa guda. Mazauna bakin kwari kuma, idan sun ga ruwa ya yi yawa a unguwannin da ke sama da su, za su hana yara tsallaka shi.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tasha ɗaya labarin wuri ɗaya take bayarwa, amma tashoshi goma a unguwanni goma za su nuna yadda hadari ya ratsa gari. Wannan tunani ne ya sa ƙungiyar TAHMO ta ƙuduri kafa tashoshi 20,000 a nahiyar Afirka, kuma da yawa daga cikin waɗanda ta kafa suna harabar makarantu, inda ɗalibai suke kula da su. Makarantarku ma tana iya farawa da ma'aunin ruwa ɗaya da littafin rubutu, kafin ta sami na'urar haɗi.

Ma'anar kalmomi

fargaba: tsoron abin da zai iya faruwa
zaizaya: cinyewar ƙasa a hankali saboda ruwa ko iska
hasashe: faɗin abin da ake tsammani zai faru
yayyafi: ruwan sama marar ƙarfi
mazurari: abu mai faɗin baki da siririn gindi don zuba ruwa
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu
kankama: fara sosai
magudana: hanyar da aka gina wa ruwa

Tambayoyi

1. Me ya sa ma'auni ɗaya ba zai wadaci dukkan garin Gombe ba?
2. Ku ambaci ma'aunai huɗu da ke sashen waje na tasha.
3. Don me aka kira na'urar haɗi 'yar aike?
4. Idan aka yi ruwan milimita 30 a kan rufi mai murabba'in mita 100, lita nawa ta sauka?
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin, ku yi amfani da ita a jimla.

Aikin gida

Ku zagaya harabar makarantarku, ku zaɓi wurin da ya fi dacewa da tasha. Ku rubuta jimloli goma kuna bayyana dalilanku.