Abin Da Ke Ƙarƙashin Kafet

 Shirinmu na yau zai leƙa tsakar ɗaki ne.

Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohon kafet a nan Kumasi ya san abin da ke jiransa. Garinmu na ruwa ne, damina biyu muke yi a shekara, siminti kuwa yana shan laima daga ƙasa. Kafet ya ruɓe, ɗaki ya ɗauki warin fumfuna, yara su yi ta tari. Sai mai ɗaki ya nannaɗe shi ya fitar, ya ce tayil zai sa, tunda yanzu ana yin tayil a nan Gana, a masana'antar da ke Shama. To, a nan aikin ya fara. Kafet ya tafi, gam ɗinsa bai tafi ba. Yana nan manne da daɓen, rawaya-rawaya, ya kama ƙura da gashi.

Kada a yi gini a kansa. Simintin tayil so yake ya shiga ƙofofin daɓe ya riƙe, gam kuwa ya toshe su. Bayan 'yan watanni za ka taka ka ji tayil yana amsawa kamar ganga, daga nan sai fashewa.

Ga inda nake so iyayenmu mata da matasa su kasa kunne. Da yawa sukan aika yaro ya sayo fetur ko tina a zuba. Gam yana narkewa, gaskiya ne. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa. A gidajenmu na haya, ɗaki goma tsakar gida ɗaya, wa zai rantse babu kurfoti da garwashi a ƙofar maƙwabciya? Ko maganin sauro a kunne? Wuta na iya bin tururin ta dawo har cikin ɗakin. Ban da haka, fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo kansar jini. Wallahi ɗaki ɗaya bai kai a saka gida guda a haɗari ba.

Hanyar da ta fi aminci ba ta da tsada, haƙuri take ci. A tafasa ruwa, a zuba garin sabulu, a kwarara a ɗan wuri kaɗan, a rufe da tsohon buhu ko tsumma kamar minti 20. Sannan a sa makankari mai faɗin baki, irin wanda masu fenti ke amfani da shi, ana samunsa a Kejetia, a tura shi a kwance. Wuri-wuri ake bi. Gam ɗin da aka haɗa da ruwa zai saki. Wanda ya ƙi, a kira mai injin gurza daɓe, amma ya jiƙa wurin, ya kuma rufe hanci da abin kariya na gaske, domin ƙurar siminti tana daskarar da huhu, kuma cutar ba ta da magani.

Akwai wanda ba a gurza shi ko kaɗan: baƙin gam mai kama da kwalta, na tsofaffin gine-ginen shekarun 1960 da 1970. Wasunsa na da asbestos a ciki. Muddin yana jiƙe ko a rufe, da sauƙi. In ya zama ƙura aka shaƙa, cutar sai bayan shekaru take bayyana.

In an gama, a ɗiga ruwa a daɓen. Ya tsotse, aiki ya yi. Ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, da saura. Sai a bar ɗaki ya bushe sosai, shi ya sa hunturu ya fi dacewa da wannan aiki.

Malam mai ɗaki, Hajiya uwar gida, in ma'aikaci ya shigo muku da galan na fetur, ku tsayar da shi tun daga zaure. Lambar 'yan kwana-kwana kuwa 192 ce, a ajiye ta a waya.