Gadar Hasankeyf: Tarihin da ruwan madatsa ya binne

Ga mutanen Yauri da Ngaski da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, labarin garin da ruwan madatsa ya cinye ba baƙo ba ne. A shekarar 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya rufe tsohon garin Bussa da tsibirai da dama na Gungawa, aka sauya wa mutane fiye da dubu 40 matsuguni.

Kimanin shekaru 50 bayan haka, irin wannan ta faɗa wa Hasankeyf, wani ƙaramin gari a bakin kogin Dijla, a kudu maso gabashin Turkiyya. A 2019 aka fara tara ruwa a madatsar Ilisu, kuma a 2020 tsohon garin ya nutse, tare da ragowar gadarsa ta dutse.

Sarakunan Musulmi na daular Artukiyawa ne suka gina gadar a ƙarni na 12. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙanta biyu na tsakiya ta kai kimanin mita 40, abin da ya sanya ta cikin manyan gadojin zamaninta.

Sirrin irin wannan gini yana cikin lanƙwasarsa. Dutse yana jure danni, amma ba ya jure ja. Don haka magina ke jera duwatsun cikin siffar baka, kowanne na danne na kusa da shi, har nauyin ya gangara kan ginshiƙai. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, zai gane siffar, ko da yake shi da ƙasa da azara ya yi nasa aikin.

Tun ƙarnoni kafin zuwan madatsar manyan bakunan gadar suka rufta, sai ginshiƙai da ƙaramin baka guda suka rage.

Hukumomin Turkiyya sun kwashe wasu gine-ginen tarihi zuwa kan tudu. A 2017 aka ɗauki hubbaren Zeynel Bey, mai nauyin tan 1,100, aka yi tafiyar kusan kilomita biyu da shi. To sai dai ba a ɗauke gadar ba. Abin da aka yi shi ne lulluɓe ginshiƙan da sabon dutse, domin su jure zama cikin ruwa.

Gwamnati ta ce ƙasar na bukatar wutar lantarki, kuma an ceci abin da zai cetu. Masu fafutukar kare kayan tarihi kuwa na ganin lulluɓin ya ɓata ainihin ginin tun kafin ruwa ya iso, kuma da wuya a ce ba su da hujja.

Hasankeyf dai ba ta taɓa shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO ba, domin ƙasa ce ke gabatar da sunan wuri, Turkiyya kuma ba ta gabatar ba.