Jarkar ruwa ɗaya ga buhu ɗaya: Yadda kwaɓin kankare ke yanke wa gini hukunci a jihar Maraɗi

Bayan ambaliyar daminar 2024 da ta rusa ɗimbin gidajen ƙasa a jihar Maraɗi, hukumomin Nijar sun rage farashin siminti a watan Oktoban shekarar. Hakan ya ƙara wa magidanta a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ƙwarin gwiwar komawa ginin siminti. Sai dai sayen siminti daban, iya kwaɓa shi daban.

Kankare mai kyau shi ne wanda zai zubu cikin sauƙi, ya ratsa tsakanin rodi, ya cika kowane lungu na katako, ba tare da tsakuwa ta ware gefe ko ruwa ya taso sama ba. Idan ya yi tauri da yawa, yakan bar ramuka a jikin ginshiƙi. Ramukan iska da suka kai kashi 5 cikin 100 na iya cinye kusan kashi 30 na ƙarfinsa.

A nan ne leburori kan nemi sauƙi, su yi ta ƙara ruwa. Tun 1918 injiniyan Amurka Duff Abrams ya nuna cewa yawan ruwa na rage ƙarfin kankare. A aikin yau da kullum, buhu mai kilo 50 ba ya son fiye da lita 25, wato jarka ɗaya, har da damshin da ke cikin yashi.

Yanayin yankin na ƙara tsananta lamarin. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwaɓi ya fara daskarewa da wuri, a lokacin hunturu kuma iska kan busar da samansa har ya tsage. Yashin jigawa mai laushi, irin wanda ya yawaita a Agye da Gazawa, ya fi shan ruwa. Na gulbi, kamar Gulbin Maraɗi da ya ratsa gundumar Gidan Rumji, ya fi dacewa muddin ba shi da laka.

Akwai gwaji mai arha. Ana cika mazubin ƙarfe mai tsayin santimita 30 hawa uku, a caccaki kowane hawa sau 25 da sandar ƙarfe, sannan a ɗaga shi. Idan kwaɓin ya sauka da santimita 5 zuwa 10, ya yi wa galibin ginshiƙan gidaje. Idan ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa.

Sauran matakan su ne zubi da sassafe ko da yamma, kwaɓa iya abin da za a zuba nan take, da shayar da ginin ruwa aƙalla kwana 7. Kwaɓin da ya fara daskarewa kuwa, ƙara masa ruwa ba ya dawo da shi, sai dai ya bar wa mai gida asara.