Yadda iskar oksijin ke shiga jini da ruwa, da haɗarin rashinta a Abijan

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Idan ya isa huhu, sai ya ratsa cikin jini, inda wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, yake ɗaukarsa zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓɓai.

A asibitoci irin su CHU na Treichville, ana maƙala wata ƙaramar na'ura a yatsa don auna oksijin da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Idan ya sauka ƙasa da 90, akwai haɗari, kuma sau da yawa sai an ƙara wa majiyyaci iska daga tukunya. Ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke jawo haka ga yara. Yaron da ke numfashi da sauri, ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko leɓɓansa suka sauya launi, a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba.

Wani haɗarin yana cikin gida. A unguwanni masu cunkoso kamar Adjamé, wasu kan shigar da murhun gawayi ko janareta cikin ɗaki lokacin ruwan sama. Dukansu suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kama himogulobin fiye da oksijin sau 200. Mutum kan fara da ciwon kai da jiri, daga nan barcin da ba a tashi. Girki da janareta wurinsu waje ne.

Ruwa ma yana buƙatar oksijin. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi kan riƙe kusan miligiram 8 ne kawai. Ƙazantar da magudanan Adjamé ke kwararawa ta Indénié zuwa tafkin Ébrié, ƙwayoyin bakteriya ne ke ruɓar da ita, suna cinye wannan ɗan oksijin. Abin da ke biyo baya shi ne wari da mutuwar kifi. Saboda haka duk sharar da aka hana shiga kwata, numfashi ne aka bar wa tafkin da masunta ke ci daga cikinsa.