BINDIGAR ALBARUSHI: SAI AN GWADA AKAN SAN TA ƘWARAI

A gundumomin Magarya da Dungas, kamar sauran ƙasar Damagaram, bindigar albarushi ba baƙuwa ba ce. Ita maharbi ke rataya ya shiga daji, ita ake bugawa ranar hawan salla, da ranar naɗin sarauta, da tarbar babban baƙo. Waɗansu na ce mata adaka, waɗansu bindigar toka, masu barkwanci kuwa su ce harba-ka-ruga. Mafi yawan waɗannan bindigogi maƙeranmu ne ke ƙera su, ko su gyara su. Amma abin da ba kowa ya sani ba shi ne, har yau ana ƙera irin wannan tsohuwar bindiga a ƙasar Turai, ana sayar da ita ko'ina cikin duniya. In muka dubi yadda suke aikinsu, za mu gane abin da ya rage wa namu.

GADON SARKI TANIMU

Sana'ar nan tana da asali a ƙasarmu. Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi fiye da shekara 30 bisa gadon sarauta, bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Tarabulus ba. Ya tara maƙera a birnin Zinder, ana narka tagulla ana zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi nan gida. Masana tarihi sun ce ya mallaki bindiga wajen 6.000 da igwa wajen 40. Da wannan ƙarfi ne Damagaram ta riƙe ƙasashen Sosebaki, waɗanda Dungas ke cikinsu, har Kano ma ta san da zamanta.

Bayan haka zamani ya juya. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a birnin Burusal, suka ƙulla yarjejeniya ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Abin da suka bari ya shigo shi ne tsohuwar bindiga mai ƙyastu da albarushinta. A 1899 sojan Faransa suka ci Zinder. Tun daga nan aikin igwa ya mutu, amma ƙirar adaka ta zauna hannun maƙeran ƙauye, uba ya koya wa ɗa, har zuwa yau.

TSOHON SAMFURI, SABON ƘARFE

To, mu leƙa Turai. A 1836 wani Ba'amurke mai suna Samuwel Kolt ya sami takardar mallakar ƙirar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai tukunya mai juyawa. A samfurinsa na 1851 tukunyar tana da ɗaki 6. Kowane ɗaki ana ɗura masa albarushi da dalma, a sa masa ƴar hular tagulla mai tada wuta. An ƙera wannan samfuri fiye da guda 200.000, an kuma yi aiki da shi cikin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865. Daga baya harsashin zamani ya fito, aka jingine ta.

Da yaƙin nan ya kusa cika shekara 100, mutanen Amurka suka yi sha'awar bindigogin kakanninsu, ga shi kuwa na asali sun yi tsada, sun tsufa. Sai maƙeran ƙasar Italiya suka karɓi aikin. A 1959 Aldo Uberti ya kafa masana'antarsa a garin Gardone, cikin lardin Biresha, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ƙirar bindiga. Daga baya gidan Pietta ya biyo baya a cikin lardin. Suna kwaikwayon libarbar Kolt da ta Remington, kama da girma duk ɗaya, amma da ƙarfen zamani, wanda ya fi na da tsabta da ƙwari. Masu sayen ta galibi ƴan wasan harbi ne, da masu tara kayan tarihi, da masu shirya fim.

Kada a ɗauka duk abin da ya fito Turai lafiyayye ne. Masu aiki da waɗannan bindigogi sun san aibinsu. Na fari, in ɗakin tukunya bai tsaya daidai da bututu ba, dalma takan goga gefe, ɓarɓashinta ya fantsama. Na biyu, akwai masu araha da ake yi wa jiki da tagulla. Suna da kyaun gani, amma tagulla ba ta kai ƙarfe jimiri ba. In ana cika mata albarushi, sannu a hankali sai ta saki. Araha ba ta ado. Na uku, in dalma ko hula ba ta zauna daram ba, wuta takan tsallaka ɗakin maƙwabta, ɗaki biyu ko uku su tashi gaba ɗaya.

GIDAN GWAJI

Ga inda muka bambanta da su. A Italiya doka ta hana a sayar da bindiga sai ta bi ta gidan gwaji na hukuma, wanda aka kafa a Gardone a 1910. Can ake auna bututu ciki da waje. Sa'an nan a ɗura mata albarushi fiye da yadda mai ita zai riƙa ɗurawa, a ɗaure ta cikin ɗaki mai kauri, a tashe ta daga nesa, babu hannun mutum a jikinta. In ta fashe ko ta kumbura, an huta, ta koma tarkace. In ta jure, sai a buga mata hatimi, da haruffan PN, ma'ana an gwada ta da baƙin albarushi. Kowace tana ɗauke da lambarta da tambarin wanda ya ƙera ta.

Wannan dabara tsohuwa ce. Birnin Liyej na ƙasar Beljik ya wajabta gwaji tun 1672, Santetiyan ta Faransa ta sami gidan gwajinta a 1782, Barmingam ta Ingila a 1813. Ba don maƙeransu ba su iya ba aka yi haka. An yi ne don ido ba ya ganin cikin ƙarfe, kome gwanintar mai shi.

INA TAMU TAKE?

Maƙerinmu ba hannu ya rasa ba. Wanda ke da zuga-zugi da masaba da magagari kawai, ya fitar da kunamar bindiga mai aiki, ya cancanci yabo. Matsalarsa ita ce ƙarfe. Tun da aka bar narka tama, abin da ya samu a kasuwar tarkace da shi yake aiki. Sau da yawa bututun da ake samu an yi shi ne don jan ruwa, yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi don ya riƙe wuta ba. Wani kuma tsatsa ta riga ta cinye shi daga ciki. Bindigar takan yi harbi goma, ta yi ɗari, ranar da ta gaji sai ta tsage daidai inda hannun hagu ke riƙe da ita, kusa da fuska. Manomin da ya rasa yatsu ko ido ana gab da damina, ba shi kaɗai ya ji rauni ba, gidansa duka ne.

Akwai kuma babban haɗarin da ya kamata kowa ya sani. A 1884, shekarar da Sarki Tanimu ya rasu, wani Bafaranshe mai suna Pol Biyai ya gano albarushi marar hayaƙi, wanda ke cikin harsashin zamani. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Ko libarbar Italiya mai hatimi, an rubuta a jikinta cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa mata. Wanda ya fasa harsashi ya juye garinsa cikin adaka, ya ɗora ajalinsa bisa kafaɗa.

GARGAƊI GA MASU BINDIGA

Kada a ƙara ɗuri don neman ƙara mai ƙarfi ranar biki. Kada a ɗura sau biyu bisa mantuwa. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban fili, a dakata, kada a leƙa. A wanke bututu bayan harbi, a busar, a shafa mai, gama tokar albarushi tana jawo laima, laima tana jawo tsatsa. Bututun da ya kumbura ko ya tsage ba a yi masa walda, yar da shi ake yi. A ajiye albarushi nesa da murhu da yara. A kuma tuna, riƙon bindiga da farauta duk sai da izinin hukuma.

KIRA GA HUKUMA DA SARAKUNA

Tun 1994 ƙasarmu ke da hukumar tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa ƙa'ida ba. Aikinta zai yi sauƙi in an san maƙeran da ke wannan sana'a. Shugabannin gundumomi, da sarakunan gargajiya, da sarakunan maƙera, da na maharba, suna iya zama wuri ɗaya su ƙidaya su. Kowane maƙeri a ba shi tambari, kowace bindiga a ba ta lamba, a rubuta sunan mai ita cikin littafi. A keɓe wuri bayan gari inda ma'aikacin da ya san aikin zai gwada ta kafin ta shiga hannun jama'a. Da haka za a kare maharbi daga mugun ƙarfe, a kuma rarrabe maƙerin kirki da mai yi wa ɓarayi aiki, musamman a nan bakin iyaka, inda kaya ke shiga da fita dare da rana.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙera da maharban garinku wannan shafi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.