Ƙurar Ƙarfe Mai Kai Magani

Yaron Miga da ke jan maganaɗisun tsohuwar rediyo cikin yashi, baƙar ƙura na manne masa, ya taɓa tushen fasahar kai magani da ƙurar ƙarfe. Masana na sarrafa irin ƙarfen nan ya zama ƙwayoyin da dubu a jere ba su kai kaurin gashi ba.

In suka shiga jini, na'urar MRI na nuna inda suka taru. A ɗaura musu magani, maganaɗisu ya ja su zuwa ƙari. Likitocin Jamus sun wallafa gwajin haka kan masu ciwon daji a 1996.

A 2009 Amurka ta amince da ferumoxytol, maganin da aka yi da irin waɗannan ƙwayoyin, don ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda, cutar da ta addabi yankin Haɗejia. Ƙari mai zurfi kuwa, har yanzu jan maganaɗisu bai cika isa gare shi ba.